Wanda Ya Ci Wasa Shi Ne Ya Kwanta

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta.

Sunana Rabi. Malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Mayahi, amma a Gidan Amumune aka yanke mini cibiya. Yau shekara biyu ke nan da tashin ƙanena Ashiru daga jinya, sai yanzu na iya zama in rubuta ba tare da hawaye sun ɓata mini takarda ba. Na rubuta ne saboda gidajen da ke da ƴan kokowa da ƴan dambe, har da masu kabu-kabu da kan faɗi su tashi su kaɗe riga su ce ba komai. Da wani ya taɓa ba ni labari irin wannan, da ba mu ɓata makonni muna neman magani inda babu shi ba.

Shekara tara na ba Ashiru. Baba ya rasu Ashiru yana rarrafe, Inna na fama da gona da surfe, don haka a bayana ya girma. Tun yana ɗan shekara bakwai ba ya wuce yaro a hanya bai kama masa ƙugu ba. A wancan zamani, in an gama kaka an cika rumbuna, akan share fili a bayan kasuwa, samarin ƙauyen Attantane su zo da makaɗansu, namu su fito. Ni ce mai riƙe masa riga da takalmi. In ya yi kaye sai ya sheƙo wajena da yashi har cikin kunne, ya ce, "Yaya, kin gani?" In aka kada shi kuwa, ba ya kuka sai mun shiga zaure. Har yau in na ji ƙamshin sabon gero ana sussuka, wannan filin nake tunawa.

Da ya kai shekara ashirin ya bi samari cirani zuwa Abijan. Dako yake yi a kasuwa. Ran Lahadi ƴan ƙasarmu kan taru su yi kokowa don ɗebe kewar gida, a nan wani mai horar da ƴan wasa ya gan shi ya ɗauke shi. Wasan da aka koya masa ba irin namu ba ne. Dambe ne da kokowa da shuri a haɗe, a cikin keji na waya, mutum biyu da alƙali. Sana'a ce, ana biyan su. Inna ba ta taɓa so ba. Takan ce, "Kaza ake sa wa keji, ba ɗan mutum ba." Ni ma a baki ina bayan Inna, amma a ɓoye duk wasan da ya yi sai na nema na kalla.

Shekara huɗu yana ƙananan wasanni kafin a sa shi a babban dare, irin wanda ake nunawa a tele. Ƙarshen bazara ne. Na taho daga Mayahi musamman. Maza suka taru a shagon mai cajin waya inda akwai tele, mu mata muka zauna a tsakar gidanmu muka kewaye wayata. Inna ta shige ɗaki ta ce kada wanda ya kira ta. Telen maza ta riga wayata da ɗan lokaci, saboda haka ihunsu ke fara iso mana, mu riƙe numfashi mu jira mu ga ko na murna ne ko na tashin hankali.

An yi wasanni da yawa kafin nasa. Akwai mata biyu da suka gwabza har hancin ɗaya ya fashe, da aka tashi sai ga su sun rungume juna suna dariya, maƙwabciyarmu ta ce, "Ikon Allah, mu da harara kaɗai kan sa mu shekara ba ma magana." Akwai wani ƙaton ɗan Senegal da ya shaƙe abokin karawarsa ya sa shi miƙa wuya kafin mu gama gyara zama. Sannan aka kira Ashiru. Wanda za su kara da shi ɗan ƙasar ne, sunansa Kwasi, ya girme shi da shekara biyar ko shida, kuma duk ƴan kallon da ke zauren nasa ne.

Turmi uku ake yi. A na farko Ashiru ya ɗaga shi ya nana da ƙasa sau biyu, kayen nan dai na bayan kasuwa. A na biyu Kwasi ya yi ta dukan cinyarsa da shuri har muka ga yana ɗingishi. A na uku Ashiru ya sunkuya zai kama ƙafa, sai Kwasi ya tare shi da gwiwa a gefen kai, ta dama. Na ga ƙafafun ƙanena sun saki. Na ce shi ke nan. Amma bai faɗi ba, ya cakumi ƙugun Kwasi ya tafi da shi ƙasa, ya danne shi har aka buga ƙararrawa.

Masu ba da maki uku ne, biyu suka ba Ashiru, ɗaya ya ba Kwasi. Zaure ya ɗauki ihun rashin yarda. Sai Kwasi ya ɗaga hannu ya nuna wa mutanensa su yi shiru, ya tafa wa Ashiru, ya sunkuya ya ɗauke shi a kafaɗa ya zagaya kejin da shi. Muka rangaɗa guɗa. Inna ta leƙo ta ce, "Da ransa?" Muka ce da ransa, kuma ya ci. Ta ce alhamdulillahi ta koma ciki. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ranar ba, kuma ba na jin zan sake ji.

Bayan kwana goma sha biyu ya dawo gida don ya taya Inna shuka. Masu kabu-kabu suka tarye shi tun daga bakin gari. Ya sayi sabon babur, ya yi wa Inna ɗinki, ni ya kawo mini jaka ta zuwa lakwal. In ban da ɗan tabo a gira, babu abin da za ka gani a jikinsa. Na tambaye shi ko an duba shi bayan wasa, ya ce likitan wurin ya haska masa ido da tocila, ya ɗinke girar, ya sallame shi.

Makon farko ciwon kai ne kawai. Ya ce, "Rana ce, Yaya, na saba da iskar teku." Ya riƙa sayen ƙwayoyi wajen masu tebur yana haɗiya. In ya sha ya lafa, da yamma ya dawo.

Mako na biyu aka yi ruwan shuka, mu ma aka ba mu hutun lakwal na dawo gida gaba ɗaya. A gona na fara ganin abin da ya tsorata ni. Shi ke sara da sungumi muna binsa da iri, sai sungumin ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya ɗauka, bai yi taku goma ba ya sake suɓucewa. Mutumin da kan ɗaga buhun gero kamar matashin kai. Ya dubi hannun ya yi dariya, ni ban yi ba. Ga barci kuma, ya kwanta da hantsi sai an tashe shi sallar la'asar.

Mako na uku amai ya shigo, da sassafe, ba tare da ya ci komai ba. Na ɗauke shi zuwa wani ɗan asibiti. Damina ce, layi har waje, mata da goyo kowa da zazzaɓi. Muka zauna tun safe sai bayan azahar aka kira mu. Majon da ya gan mu, wato babban ma'aikacin jinya, ya gaji, ko ɗaga kai bai yi sosai ba. Aka ɗebi jini a yatsa, aka ce akwai ɗan palu, zazzaɓin cizon sauro, aka rubuta mana ordinansi, takardar sayen magani. Ina jin haushin wannan ranar har yanzu, amma in zan faɗi gaskiya, laifin rabi nawa ne. Bai tambaya ko an taɓa bugunsa a kai ba, ni ma ban faɗa ba. A tunanina abin da ya wuce wata guda ya wuce, kuma ai shi ya ci wasan. Wa zai ce wanda ya ci shi ne mai rauni?

Ya shanye maganin palu babu sauƙi. Ya fara tambayar abu ɗaya sau uku. Wata rana ya fita zuwa masallacin unguwa, aka tsinto shi a bakin kasuwa bai san inda za shi ba.

A nan dangi suka shigo. Kowa da nasa. Wata gwaggonmu ta ce iska ce ta bakin teku ta biyo shi. Wani ya ce maiko ne ya hau masa kai, a ba shi tsamiya. Amma maganar da ta zauna ita ce ta Kawu Idi, yayan Inna, wanda shi ne uba a gare mu tun rasuwar Baba. Ya tara mu a zaure ya ce, "Ku ba ku da ido ne? Jifa ne. Kun taɓa ganin an kada mutum gaban danginsa, ya tashi shina dariya ya ɗauki wanda ya kada shi a kafaɗa? A nan ya shafa mashi abin."

Sai kowa ya fara gyaɗa kai. Abin da ya sa mu guɗa ran nan, shi ne yau ya zama shaida.

Kuma ga wani abu da ya ƙara wa maganar ƙarfi. Wayar Ashiru tana hannuna tunda ya daina iya amsawa, kuma kusan kullum sai lambar Kwasi ta kira. Da na faɗa wa Kawu ya ce, "To kin ji. Shina bincike ne ya ji ko aikinsa ya ci." Ni da na yi karatu, nake koya wa yara tsaftar jiki da cututtuka a aji, wallahi na yarda. In ya kira sai in katse. Saƙonnin murya da yake turowa ko buɗewa ban yi ba. Inna kuwa kowace salla sai ta kai ƙararsa wajen Allah.

Mako na huɗu ya tafi a rubutu da hayaƙi. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, jini ya fito baƙi ƙirin, aka ce ga shi nan yana fita. Washegari ya tashi garau, ya sha fura, har ya tsokani gwaggo. Muka yi ta godiya. Ashe haka ciwon yake, yakan saki mutum yini guda ya sake kama shi da ƙarfi. Kwana biyu bayan nan ƙafar hagu ta fara ja.

Ranar wata Talata da safe na shiga da kunu, na tarar ya jiƙa shimfiɗa. Ya dube ni ya ce, "Inna, ina Yaya Rabi?" Na ajiye kwanon na fita. Na ɗauki wayarsa na zagaya bayan rumbu, niyyata in kira mutumin nan in zage shi da duk Faransancin da na sani. Kafin in kira sai na ce bari in ji abin da yake ta turowa, don in san ta inda zan fara.

Na farko gaisuwa ce da barkwanci. Na biyu yana tambaya ko Ashiru ya je an yi masa hoton kai kamar yadda suka yi alkawari. Daga nan muryar ta canza. Na ƙarshe, da Faransanci, ga abin da ya ce:

"Ban san wanda ke riƙe da wayar nan ba, amma don Allah a saurare ni. Ni na buge shi, na san nauyin abin da na buga. Bayan wasa mun zauna a ɗakin canza kaya, ya tambaye ni sunan ɗiyata sau uku cikin ɗan lokaci. Na gaya wa mai horar da shi, ya ce murna ce. Ina da aboki da muka tashi tare a wasan nan. Haka ya yi, ciwon kai, barci, mantuwa. Muka ce gajiya ce. Bai cika wata biyu ba muka binne shi. In Ashiru na ciwon kai, in yana amai, in wani gefen jikinsa ya yi nauyi, kada ku jira gobe. Ku kai shi inda ake sikana, a ɗauki hoton cikin kansa. Ku ce musu an buge shi a kai. Ku zage ni daga baya, na yarda."

Duk abin da ya lissafa yana kwance a ɗakinmu. Na kira Kwasi, bugu ɗaya ya ɗauka. Da na faɗa masa halin da ake ciki sai na ji yana kuka, yana cewa, "Babbar yaya, yau. Ba gobe ba, yau."

Na sami Kawu da Inna a tsakar gida na faɗa musu. Kawu ya miƙe tsaye.

"Maganar wanda ya jefe shi za ki bi? Mi ya same ki, Rabi? So yake a raba yaron da maganin da ke tsare da shi."

Ban taɓa mayar wa Kawu magana ba sai ranar. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yi mini rai. A bar ni in kai shi Maraɗi. In an duba ba a ga komai ba, ni da kaina zan tara jama'a in ba ka haƙuri. Rubutun ma mu tafi da shi, ba zan hana shi sha ba."

Ya juya wajen Inna ya ce, "Kin ji ɗiyarki." Inna ta dubi ƙofar ɗakin da Ashiru ke kwance. Sannan ta ce, "Yaya, yau bai gane wadda ta goye shi ba. Ku tahi da shi."

A ranar aka sayar da sabon babur ɗin, da arhar da har yau in na tuna sai raina ya sosu, amma mai gaggawa ba ya ciniki. Muka ɗauki mota zuwa Mayahi, hanya duk ta jiƙe, sau biyu muna kafewa. A can likita na jin an ce bugu a kai, ya haska idanunsa ya ga ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, nan take ya rubuta takardar tura mu gaba. Ambilans akwai, amma esansi, wato man mota, namu ne. Kafin mu isa Maraɗi Ashiru ya daina amsa kira sai an tsunkule shi.

Wanda bai yi jinya a babban asibiti ba bai san dogon yini ba. Layin tikiti daban, layin biya daban, layin hoto daban, kowanne a wani gini, ga mara lafiya ka bari shi kaɗai. Da ba don Lidiya ba da ban san yadda zan yi ba. Wata Kirista ce daga wani ƙauye kusa da Tasawa, tana jinyar mijinta da ya faɗo daga amalanke. Ta gan ni ina zagaye da takardu a hannu, ta ce, "Ƴar'uwa, baƙuwa ce ke? Kawo in nuna maki." Ita ta gaya mini taga ta farko da ta biyu, ita ta zauna kusa da Ashiru ina can ina layi. Muna dab da shiga wuta ta ɗauke, aka ce sai an tada inji. Sai washegari da hantsi aka yi hoton.

Likitan da ya karanta shi wani siriri ne mai gilashi. Ya ɗaga hoton ya nuna mini wani abu kamar jinjirin wata a gefen dama. Ya ce sunansa ematom. Kalmar ta zauna mini har yau. Ya ce, "Madam, jini ne ya kwanta tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Tun ranar wasan yake ɗiga a hankali, kamar rufin ɗaki da damina. Da kun ƙara kwana biyu, da ba ni za ku nema ba, masu haƙa kabari za ku nema." Ya tambaye ni wa ya ce mu zo. Na ce wanda ya buge shi. Ya cire gilashinsa ya dube ni, ya ce, "To ku riƙe shi da kyau."

Aka ce a tanadi jini kafin a shiga aiki. Nawa bai dace ba. Ina tsaye ina tunanin wa zan kira, sai ga Kawu Idi ya shigo da jarkar rubutu a hannu, ya biyo mu a motar kasuwa. Na nuna masa hoton. Ya duba, ya duba, ya ce, "Wannan farin shi ne?" Na ce shi ne. Ya ajiye jarkar ya naɗe hannun riga. Mutumin da ko allura bai yarda da ita ba, shi ya ba da jinin. Duk abin da na riƙe a kansa a raina, a nan ya zube.

An yi aikin da yamma. Huda biyu aka yi masa a kai, aka sa ƴar roba jinin na fita. Kwana biyu bai san inda yake ba. Ordinansi kuwa kamar ruwan sama, kafin ka dawo daga farmasi an rubuta wata. Waken da Inna ta ajiye ya tafi, tumakina biyu suka bi shi. Kwasi ya turo nasa taimakon ba tare da an roƙe shi ba, ya kuma zagaya wajen ƴan wasan da suka yi wannan daren tare, kowa ya sa hannu, har matan nan biyu. Masu shirya wasan kuwa, da suka cika aljihu da jinin yaran mutane, saƙon fatan samun sauƙi suka aiko, shi ke nan. Na bar su da Allah.

A rana ta uku da safe ina goge masa fuska ya buɗe ido ya ce, "Yaya Rabi, an gama shuka?" Na ce an gama, har gero ya fito. Ya ce, "Yunwa nake ji." Na fita da gudu, Lidiya ce ta fara ganina, ta zaci mutuwa aka yi. Da ta ji sai ta ɗaga hannu sama tana yabon Ubangiji, ta juye mini kunun da ta dama wa kanta.

Mako uku muka yi a can. Tabarma ɗaya muke shimfiɗawa ni da Lidiya a baranda, in zan yi salla ta tsare mini mara lafiya, in za ta coci ran Lahadi in tsare mata nata. A mako na biyu mijinta ya cika. Ni na naɗe mata kayanta, na raka ta har bakin mota. Ta riƙe hannuna ta ce, "Naki zai tashi, ki yi ta haƙuri da shi." Wahala ce zalla kwanakin nan, amma abin mamaki, wani lokaci nakan yi kewar barandar nan. Ban taɓa zama da mutanen da ba su san juna ba suka riƙe juna haka ba.

Ashiru ya koyi tafiya kamar yaro, yana dafa kafaɗata. Aka ba shi lemun tsami ya riƙa matsawa da hannun hagu. Ranar sallama likita ya zaunar da mu ya ce, "Za ka yi noma, za ka yi aure, za ka tsufa in Allah ya so. Amma keji kun rabu. Kokowar gida ma ban yarda ba. Kan nan ba zai ɗauki bugu na biyu ba."

Da muka iso gida sai baƙin ciki ya kwantar da shi. Wannan ita ce jinya ta biyu, kuma ta fi ta farko wuya, don ba ta da ordinansi. Yakan juya fuska bango ya yini. Ana cikin haka aka kira daga Abijan, wai nasarar da ya yi ta ba shi damar karawa da mai riƙe da kambu. Ina zaune ya amsa. Ya ce musu ba zai iya ba, amma in ana jin maganarsa a ba Kwasi. Da ya kashe wayar ya yi kukan da bai yi a asibiti ba, na bar shi ya yi. An ba Kwasi wasan. An kada shi a turmi na biyu. Shi da kansa ya kira yana dariya, leɓe a kumbure, yana cewa mutumin ya fi shi, kuma tuni ya je an yi masa hoton kai. Ranar na fara jin dariyar Ashiru ta dawo.

Ga abin da nake so a ɗauka daga wurina. In an bugi mutum a kai, ko a fili ko a kan babur, ko ya tashi yana dariya, a sa masa ido wata biyu. Ciwon kai da ba ya jin magani, amai, yawan barci, mantuwa, nauyin hannu ko ƙafa, kada a tsaya. In an je asibiti a faɗi bugun tun kafin a tambaya. Ba na hana kowa addu'a, mu ma da ita muka tsira, amma a yi ta a kan hanyar zuwa likita. Kuma a yi hattara da saurin ɗora wa mutum laifi.

Yanzu Ashiru na noma, ya buɗe ɗan shago, ya yi aure bara. Ƙafar na ɗan ja in ya gaji. Wani lokaci nakan gan shi da safe yana jujjuya kafaɗu shi kaɗai kamar mai shirin shiga fili, in ya hango ni sai ya wayance.

Kwasi ya zo da kakar wannan shekarar, bayan kwanaki a hanya. Duk gari aka fito kallonsa. Kawu Idi ne ya yanka masa rago. Da aka kawo shi gaida Inna, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmarta. Ni ce tafinta.

Inna ta ce, "Rabi, gaya mashi na yi kwana goma ina kai ƙararsa wajen Allah, safe da yamma, alhali shi yana can shina neman ceton ɗana. Ya yafe mani."

Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Ki ce wa Mama ba haka ba ne. Gwiwata ce ta kwantar da ɗanta. Ni na zo neman gafara."

Inna ta ce, "Wasa ne ya haɗa su, shi ma ai ya sha kaye. Ni ce mai laifi."

Kwasi ya ce shi dai ba zai tashi ba sai an yafe masa. Inna ta ce ita ma ba ta yafe komai sai ya fara yafe mata. Na fassara na kai, na fassara na kawo, har bakina ya gaji, babu wanda ya sauka. Ashiru na jingine da bango yana kallonsu. Can ya gyara murya ya ce, "To, ni ne alƙali. Wannan turmin canjaras ne."

Kowa ya fashe da dariya. Inna ta goge ido da bakin zane ta ce, "Ni ban san canjaras ba. Rabi, tashi ki kawo wa ɗana tuwo, ya sha hanya."